Yadda Na Koyi Gane Taurari a Sararin Kaduna, Mataki Bayan Mataki

A tsakiyar Oktoban 2024 abin ya fara. Hotunan wata tauraruwa mai wutsiya, wadda masana a ƙasar Sin da Afirka ta Kudu suka gano a 2023, sun cika wayoyin jama'a, ana ta cewa a dubi yamma bayan magariba. 'Yata ta fari mai shekara 11 ta zo ta ce, "Baba, mu ma ka nuna mana ita." Kakarta na gefe tana tuna mana cewa ganinta ba alheri ba ne, kamar yadda muka taso muna ji. Dare uku a jere muna hawa saman benen maƙwabcinmu a Unguwar Dosa, ba mu ga komai ba. Daren farko gajimaren ƙarshen damina ya rufe yamma, sauran biyun kuma wata ya kusa cika, ga fitilun gari sun mayar da gindin sama jaja-jaja. Rashin ganin mai wutsiya bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarinyar ta riƙa nuna taurari ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunansu, ni kuwa in ban da Zara babu wanda na iya faɗa mata. Na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana ɗaga kai sau ɗaya ya ce dare ya raba, ko asuba ta kusa, babu agogo a hannunsa. A wannan daren na ƙudurta sai na koya, kuma ina rubuta yadda ta kaya ne don wanda zai biyo baya kada ya yi asarar kuɗi da watannin da na yi.

Matakin da na fara ɗauka shi ne wanda ya kamata ya zo ƙarshe. Washegari na shiga wani shago a cikin gari na sayi madubin hangen nesa mai ƙafa uku a kan naira 45,000, don a jikin kwalinsa an rubuta yana ƙara girman abu sau ɗaruruwa. Da dare muka kafa shi. Ƙafafun na rawa, da ka taɓa shi abin da ka saita ya gudu, hoton kuma a kife yake fitowa. Da ƙyar muka kama wata. Tauraro kuwa, ɗigon da kake gani da ido shi ne dai ɗigon da za ka gani a ciki. Daga baya na fahimci inda matsalar take: rukunin taurari faffaɗan abu ne, wani ya kai faɗin tafin hannu biyu a sama, shi kuwa wannan madubi ɗan yankin da yake nuna maka bai wuce kan yatsa ba. Kamar mai son ganin fasalin gida ne ya manna idonsa a ramin makulli. Na mayar da shi bayan kwana biyu, mai shagon ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Har yau yana saman kwaba.

Sai ga duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen watan nan na Oktoba, lokacin da aka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Wahala ce ta gaske, ruwa ya yi tsada, masu sana'a sun tsaya, fetur ya haura naira 1,000 lita. Amma saboda tsadar man, zuwa ƙarfe 11 na dare yawancin janaretocin unguwa sun yi shiru, wata kuma ya shiga kwanakinsa na ƙarshe, ba ya fitowa sai can cikin dare. Na hau benen ni kaɗai don shan iska, sai na ga sama yadda rabona da ganinta tun ina yaro. Ruwan damina ya wanke ta, hazo bai iso ba. Ina da wata taswirar taurari da na sa aka buga mini a shagon kwamfuta a kan naira 300, na haska ta da tocilar waya, na ɗaga kai, na sake haskawa, na kasa haɗa komai. Dalili biyu ne, kuma dukansu sai daga baya na gane. Na farko, ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma duk sanda farin haske ya doke shi sai an koma farko. Na biyu ya fi muhimmanci: taswirar an zana ta ne don mutanen Turai. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, samanmu daban take zama. Taswirar ta ce in fara da taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi, waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ashi, wai kullum suna sama. A Ingila haka ne. A Kaduna faɗuwa suke yi, kuma a farkon daren Oktoba da Nuwamba suna ƙarƙashin ƙasa. Dare biyu na ɓata ina neman abin da ba ya nan.

A dare na uku na ajiye takardar, na fuskanci gabas kawai na zauna. Wajen ƙarfe 11 na lura da taurari uku a jere, tazararsu ɗaya, haskensu kusan ɗaya, sun taso a tsaye sun ɗan karkata. A hagunsu akwai wani ja, a damansu wani fari fat mai ɗan shuɗi. Gabana ya faɗi don murna, domin na gane su daga hoto: ɗamarar Oriyon ce, rukunin da Girkawa suka siffanta da mafarauci, Larabawa kuma suke kira Jauza'u. A littattafai a tsaye ake zana shi, mu kuwa a nan a kwance yake fitowa, a kan gefensa, sai ya hau tsakiyar sama yake miƙewa. Daga waɗannan ukun komai ya fara buɗe mini. Na bi layinsu sama, na iske wani jan tauraro a bakin wasu masu siffar kan kibiya, shi ne Dabaran. Na ƙara gaba kaɗan, sai ga ɗan cincirindon nan da kowane Bahaushe ya san sunansa ko da bai san inda yake ba, Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Suraiya. Na jira har bayan sha biyu, na bi layin ɗamarar ƙasa, ga Shi'ira tana tasowa tana walƙiya kala-kala, ita ce mafi haske a duk taurarin dare. Abu ɗaya ya rikita ni. Kusa da Dabaran akwai wani ƙaton haske da ya fi Shi'ira ma, ba ya ƙyaftawa, kuma babu shi a taswira. Washegari na saukar da manhajar Stellarium a waya, na sa mata Kaduna a matsayin wurina, ta nuna mini Mushtari ne. Duniya ce irin tamu mai zagaya rana, shi ya sa ba a sa ta a taswirar da aka buga, don kowace shekara tana wani wurin. Manhajar kyauta ce, tana da maɓallin da ke mayar da fuskar waya ja don kada ta kashe maka ido. Amma kamfas ɗin waya yakan ruɗe kusa da rodi da tankin ƙarfe na saman bene, don haka na koyi fara gano ɗamarar da idona, sannan in gwada da abin da waya ta ce.

Kafin mako ya zagayo magana ta fara yawo a layinmu. Wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni bayan sallar asuba ya ce, "Malam, me kake nema a sama kullum tsakar dare? Ko duba ka fara?" Ban ɗauki tambayar da wasa ba, don ni ma tana raina. Na sami limamin masallacinmu bayan la'asar, na jira ya gama da masu ɗaukar karatu, wajen minti 40, na zayyana masa komai. Ya ce malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na masu cewa tauraro kaza ne ke kawo arziki ko tsiya, ko su duba wa mutum abin da zai same shi gobe, wannan haramun ne babu ja. Akwai kuma na sanin tafiyarsu don gane hanya da alƙibla da lokaci da shigar yanayi, wannan babu laifi, ya karanto mini aya ta 16 a Suratun Nahli da ta 97 a Suratul An'am. Ya ƙara da cewa Shi'irar da nake magana an ambace ta da sunanta a Suratun Najmi, aya ta 49. Na fito zuciyata wasai. Shawarata ga duk mai son fara wannan abu a unguwa irin tamu, ya sanar da maƙwabta da liman tun da wuri, ya kuma gayyace su su hau su gani. Dattijon nan da kansa ya hau daga baya, shi ya fara ƙirga 'ya'yan Kaza, ya ce shida yake gani.

Da wuta ta dawo, sama ta koma yadda take, taurari masu ƙarfi kaɗai ke fitowa. Na san sai an fita gari. Kafin nan na nemi madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda ake riƙewa a hannu. Na zaga wajen masu kayan gwanjo na lantarki da kyamarori a kewayen Kasuwar Sheikh Gumi har sau biyu kafin na dace. A jikinsa za ka ga lamba biyu, nawa 10x50 ne: ta farko yawan ƙara girma, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, kuma ta biyun ce ke tara haske. Kada ka biya sai ka fito da shi waje ka saita wani abu mai nisa, kamar ƙarfen sabis na waya. Idan ka ga ƙarfen ya zama biyu, ko kanka ya fara sarawa bayan minti ɗaya, idanun madubin sun goce, ajiye shi. Biyu na ajiye kafin na uku. An faɗa mini 35,000, muka daidaita a 28,000. Na haɗa da ƙaramar tocila ta naira 1,500, na naɗe bakinta da jar leda ninki biyu na ɗaure da roba.

Fita bayan gari da dare a jihar Kaduna ba abin da mutum zai yi da ka ba ne, kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Ina da kawu a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da hanyar Zariya. Na kira shi, ya ce, "Ka zo da rana tsaka, kuma kafin ka fito da wannan abin naka sai mun je wurin mai unguwa." Na zaɓi Asabar 30 ga Nuwamba saboda ƙarshen watan Musulunci ne. Wannan ita ce dabara mafi sauƙi da na koya: daga wajen 20 ga wata zuwa 3 ga sabon wata farkon dare duhu ne, daga 10 zuwa 17 kuwa farin wata ya cinye sama, sai dai ka kalli watan kansa. Ni da 'yata muka hau mota a tashar Kawo, naira 1,500 kowanne, muka wuce Rigachikun da Maraban Jos, ɗan kawu ya tare mu a bakin titi da babur. Bayan azahar muka je ƙofar mai unguwa da goro na naira 2,000. Mun tarar yana sasanta wata rigimar iyakar gona, muka zauna a tabarma fiye da awa ɗaya. Da aka zo kanmu kawu ya gabatar da ni, na ce, "Ranka ya daɗe, taurari nake koyo, ina neman izinin zama a bayan gari da dare." Ya karɓi katin shaidar ɗan ƙasa da na wurin aikina ya duba, ya aika aka kira shugaban 'yan sintiri. Shi ya fi tsananta tambaya, kuma da gaskiyarsa, baƙo da madubin hangen nesa cikin dare ba ƙaramin abin zargi ba ne. Ya karɓi madubin ya leƙa, ya gindaya sharuɗɗa: mu zauna a masussukar da ke bayan makarantar firamare, kada mu haska farar tocila ko mu nufi daji da ita, mutum biyu daga cikinsu za su zauna da mu, ƙarfe 1 mu tashi. Ba su nemi ko sisi ba, ni na ba su 5,000 na shayi.

Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma a kan ƙaiƙayin dawa, sanyi ya fara sauka, hazo kaɗan ne a gindin sama. Zara na can yamma tana shirin faɗuwa. Na ce kowa ya kashe waya. Da aka yi kamar rabin awa 'yata ta kama hannuna ta ce, "Baba, ƙaruwa suke yi." Ba ƙaruwa suke ba, idonmu ne ke buɗewa. Wani farin zirin haske kamar hayaƙi ya ratsa sama daga arewa maso yamma ya gangaro ta gefen Oriyon, shi Larabawa ke kira Majarra, tarin taurarin da ranarmu ke cikinsa. A gefen ɗamara akwai wasu ƙananan taurari uku, na tsakiyarsu a ido kamar ya jiƙe. Na kwanta rigingine, na kafa gwiwar hannu a ƙirji don kada madubi ya yi rawa, sai ga shi gajimare ne mai haske, inda sababbin taurari ke samuwa, haskensa ya yi shekara sama da 1,300 a hanya kafin ya iso mu. Kaza kuwa, da ke nuna 'ya'ya shida a ido, a madubi sun fi talatin, kamar an watsa gero a baƙin zane. Ɗaya daga 'yan sintirin ya jingine sandarsa ya karɓa, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya yi tasbihi. A gefen Mushtari muka ga ɗigo uku a layi, daga cikin watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610.

Kawu bai taɓa madubin ba sai can ƙarshe. Yana zaune cikin bargonsa yana kiran sunaye: Suraiya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a. Ya ce masaukan wata ne guda 28 da ya haddace a zaure wurin malaminsa, kowanne kwana 13, ɗaya na da 14, shekara ta cika 365, kuma da su manoma ke lissafin bazara da damina da kaka da ɗari. Na buɗe manhaja a jar fuska ina bin sa. Haƙa'a ita ce 'yan taurarin kan Oriyon, Zira'a kuma tagwayen nan biyu masu haske da suka taso daga arewa maso gabas. Sunayen da ke cikin wayar ma, irin su Mintaka da Alnilam da Rigel, Larabci ne da bakin Turawa ya lanƙwasa. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsayar da rukunai 88 a 1922, amma tushensu tsofaffin rukunai 48 ne tun zamanin Batlimus, tsohon masanin taurari na Iskandariyya, kuma Abdurrahman Sufi ya yi musu littafi a shekarar 964. A ciki ya ambaci wani ɗan gajimare a rukunin Andiromeda. Mun same shi a daren, can sama ta arewa, kamar an shafa alli da yatsa, wani tarin taurari ne daban mai nisan shekarar haske miliyan 2 da rabi, wato shekarun da haskensa ke yi a hanya kafin ya iso mu. A ƙasansa akwai taurari biyar masu siffar harafin M, daga cikinsu muka gangara muka nemo tauraron arewa. Ba shi da haske sosai, kuma a Kaduna ƙasa-ƙasa yake: miƙa hannunka, dunƙule shi, ɗora gindin dunƙulen a inda sama ta haɗu da ƙasa, yana daidai saman yatsunka. Bishiya ɗaya ta isa ta ɓoye shi. Idan ka same shi ka sami arewa, alƙiblar Kaduna kuma gabas ce da ta ɗan karkato wajensa. Kafin mu tashi Suhailu ya hau ta kudu, shi ne na biyu a haske bayan Shi'ira, wanda mutanen Ingila ba sa ganinsa ko kaɗan.

Daga tsakiyar Disamba hazo ya sauka da ƙarfi, na shiga watannin jira. Wasu darare ko Shi'ira da ƙyar take huda ƙurar, kuma ƙurar na kwanciya a gilashin madubi, kada ka goge da bakin riga, hure ta tukuna. Da na san haka da ban ɓata makonnin farko a kan madubi mai ƙafa ba, domin mafi kyawun lokaci a Kaduna gajere ne, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya yi kauri. A lokacin hazo abin da ke saman kai kaɗai ake iya bi, na yi amfani da shi wajen lura da tafiyar Oriyon. Kowane dare taurari na riga jiya fitowa da kusan minti 4, wato awa 2 a wata. Ɗamarar da na gani tana tasowa ƙarfe 10 a ƙarshen Oktoba, a Fabrairu tana tsakiyar sama bayan isha'i, a Afrilu ta karkata yamma, Kaza kuma ta riga ta faɗuwa. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai ruɗe ba idan ya nemi rukuni ya rasa. Ya kuma isa mutum ya ƙara rukuni ɗaya ko biyu a mako, yana tafiya daga wanda ya sani zuwa maƙwabcinsa, yana rubuta rana da lokaci da gefen da ya gan shi a ɗan littafi.

Rukunin da ya fi ba ni wahala shi ne taurari huɗun kudu masu siffar gicciye. Tun Janairu nake tashi kafin asuba ina nemansu, hazo ya hana, don ko sun kai ƙarshen hawansu ba sa wuce dunƙulen hannu biyu daga ƙasa. Sai a farkon Mayun 2025, daren da aka yi ruwa mai ƙarfi da yamma ya ɗauke, sama ta fito tas. Wajen ƙarfe 10 na tashi 'yata muka hau bene. A kudu, ta saman rufin wani gida, ga su nan huɗu a tsaye, a hagunsu wasu biyu masu haske suna nuno su. Na nesa da gicciyen a cikin biyun shi ne Alfa Sentauri, maƙwabcin ranarmu mafi kusa da ido ke iya gani, shekarar haske 4 da 'yan watanni. Muka juya baya, ga ludayin nan da na sha wahalar nema a Oktoba, a kife can sama ta arewa, taurari biyun bakinsa suna nuna tauraron arewa kai tsaye. Yarinyar ce ta gano shi kafin ni. Ta ɗauki littafin ta rubuta kwanan wata da jar tocila, ta tambayi me ya rage. Na ce Kunama, wadda jan tauraron ƙirjinta kawu ke kira Ƙalbu, ta riga ta leƙo daga kudu maso gabas, sai Yuli za ta tsaya sosai bayan isha'i, in an dace da daren da hadari ya buɗe.